Tambaya ta Huɗu a Takardar Alƙali

Ni ne Mukhtaru tafinta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsayawa a hagun alƙali a wata kotu cikin Makka, ina juya Larabci zuwa Hausa, ina juya Hausa zuwa Larabci. In ka tambaye ni shaidar wa ta fi ba ni ciwon kai, ba zan ɓoye maka ba, ta mutanenmu ce. Ka ce wa Bahaushe, ka ga lokacin da aka yi abin? Sai ya fara gaishe ka, ya tambayi iyali, ya ba ka labarin yadda ya keto Sudan a ƙasa, sannan can ya ce ai kowa ma ya sani. Kowa ɗin nan ya ɗaure mutane da yawa a gabana, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Bayan hajjin shekarar 1385 ta Hijira aka kawo mana sabon alƙali, siriri mai tabarau, wanda ba ya son a maimaita masa magana. Sati uku ya yi yana sauraron shaidu yana tsaki. Ran nan ya kira ni ya miƙo mini takarda guda da ya rubuta da hannunsa. Ya ce daga yau, a duk shari'ar laifi da ta zo gabansa, wannan za a karanta wa mai shaida kafin ya buɗe baki, ko Balarabe ne, ko Bajawe, ko Bahaushe, kalma ɗaya ba za a rage ba, ba za a ƙara ba. Ya ce in mayar da ita Hausa.

Wallahi ranar kamar an ba ni sarauta. Kwana biyu na yi a kanta da ajami, ina gogewa ina sakewa. A ciki akwai jan kunne kan shaidar zur. Akwai cewa ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, "an ce" ba shaida ba ce. Akwai cewa in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, babu mai dukanka a kan haka. Can a ƙarshe, ta biyar, akwai cewa hujja tana kan mai ƙara ne, ba a kan wanda ake ƙara ba. Duk waɗannan sun zo mini da sauƙi.

Ta huɗu ce na nuna gwanintata a kanta. Alƙali ya rubuta ne kawai, akwai zumunta tsakaninka da wanda ake tuhuma? Dalili kuwa, shari'a ba ta karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa, ko ta ɗa don amfanin ubansa. Na koma na ce masa, Allah gafarta malam, in ka tambayi namu haka ka shiga uku. Bahaushe zai ce ɗan'uwana ne, alhali jirgin ruwa ɗaya kawai suka hau daga Sawakin. Sai na tsaga masa tambayar yadda ba ta da ƙofar fita: kai ka haife shi? Shi ya haife ka? Ciki ɗaya kuka fito? Alƙali ya cire tabarau ya dube ni, ya ce haka za a mayar da ta Larabcin ma.

Da yamma ban wuce gida ba, unguwarmu Mansur na nufa, wajen Hure mai tuwo, inda mazan unguwa ke taruwa bayan la'asar. Na tsaya kan dandamali na karanta musu ita tun daga fari har ƙarshe, da murya irin ta kotu. Aka yi ta dariya ana tafi. Wani ya ce in an hana Bahaushe "an ce" ai an hana shi magana. Hure ta ƙara mini nama biyu a kwano, ta ce yau Mukhtaru ya zama alƙali, saura rawani. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Kwana tara da yin haka aka kama Lurwanu.

Lurwanu direba ne, yana jan motar alhazai daga tashar Kudai, saurayi dogo ɗan shekara ashirin da shida. A Makka aka haife shi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. A hannun Hure ya tashi, ita da mijinta marigayi Kabo. Ranar wata Talata da safe ya yi cacar baki da mai gadin tashar, wani Balarabe Bahadarme mai suna Salim, kan wanda zai fara lodi. Bayan la'asar wani ya laɓaɓo ta bayan Salim ya sauke masa ƙarfen jak a ka, ya kuma karya masa hannu. Da Salim ya farfaɗo sai ya ce ba kowa ba ne sai wancan dogon direban. Aka samu mai shayi a tashar, Isuhu mutumin Maraɗi, ya ce wa askari, wato ɗan sanda, eh, ya gani. In magana ta tabbata, bulala ce da ɗauri, kuma ya yi sallama da tuƙi ke nan.

Lurwanu ya ce lokacin ba ya Kudai, yana unguwar Zahir. Ya kai Mailafiya wanzami wajen maɗori saboda ƙafar tsohon da ta kumbura. Suka tarar maɗorin ya tafi Ɗa'if, gidan a kulle, amma ba su sani ba, suka zauna cikin mota suna jira tun azahar har aka kira magariba. Aka tambaye shi, wa ya gan ku? Ya ce babu, lungu ne. Aka ce to me kuka tattauna duk tsawon nan? Ya ce ba su yi magana ba. Askari ya yi dariya, ya ɗauka rainin hankali ne.

Mu da muka san su ba mu yi dariya ba. Mailafiya shi ya haifi Lurwanu, ɗan farinsa ne. Shi Mailafiya ƙanin Kabo ne ciki ɗaya, mutanen Ɗambatta, kuma dukansu biyu Muhammadu aka raɗa musu, don haka "bin Muhammad" da ke takardun Lurwanu bai bambance komai ba. Ranar da aka yaye yaron aka miƙa wa Kabo shi, kamar yadda ake yi a gida. Tun daga nan Mailafiya bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, bai taɓa aske masa kai ba, shi da ke aske rabin Mansur. In dole ta sa, sai ya ce "yaron Kabo" ko "mai motar nan". In baƙo ya ce, wannan ɗanka ne? Sai ya kau da kai ya ce a'a, na yayana ne. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Mailafiya ya riƙe ta da haƙora fiye da kowa da na sani.

To da askari ya zo ɗaukar bayaninsa ya yi masa wannan tambayar, me kake tsammani? Baki ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara ashirin da shida. Ba dabara ya yi ba, na rantse, tsohon ko sanin hukuncin bai yi ba. Askari ya rubuta shi a matsayin baffa. Shaidar baffa kuwa karɓaɓɓiya ce.

Da labari ya iso Mansur sai unguwa ta ɗauka. Ana cewa yau kunya ta yi rana. Wani malamin allo har ya ce ga hikimar al'adar iyayenmu nan ta fito fili, Larabawa su zo su koya. Mata suka fara shawarar wanda zai yanka rago ranar da aka sako shi. Ni kaɗai nake tafiya kamar wanda ya haɗiyi tabarya, don ni na san abin da ke cikin takardar da ke aljihuna.

Ana gobe zama, Hure ta same ni a ƙofar gida bayan la'asar. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Mukhtaru, ta huɗun nan taka. Ka tsallake ta."

Na ce, "Ba ta tsallakuwa, Inna. Alƙali da yatsa yake ƙirga su."

"To ka karanta ta yadda Balaraben ya fara rubuta ta. Akwai zumunta? Ya ce eh, baffansa ne. Halas, shi ke nan. Wa ya san Hausa a mahkamar nan in ba kai ba?"

"Allah ya sani."

"Allah ya san yaron nan bai taɓa kowa ba!" ta daka mini tsawa. "Kai ka ƙulla igiyar nan da hannunka, don a ce ka iya. Na ba ka nama biyu a kanta, Allah ya isa namana!"

Raina ya ɓaci, na ce mata ni ba a koya mini aikina a titi. Na shige gida na bugo ƙofa. Amma gaskiya ta faɗa, don a ce na iya na yi. Ban iya zama ba, na sake fitowa na nufi rumfar Mailafiya.

Na tarar da shi yana wasa aska, ƙafar nan a miƙe kan buhu. Na zauna kamar aski na zo, ya jiƙa mini kai. Yana cikin aski na ce masa, Baba, gobe akwai tambayar da zan yi maka, gara ka ji ta yau. Na karanta masa. Askar ta tsaya a ƙeyata.

"Sake karantawa," in ji shi.

Na sake.

"Bayan an ambaci Allah ake yin ta, ko kafin?"

"Bayan."

"In na ce ni ne fa?"

"Shaidarka ta faɗi. Sai ta Isuhu ta rage."

Ya ƙarasa askin tsaf, ko ƙwarzane babu, ya karkaɗe mini wuya, ya ce in gai da gida. Na tafi ban san abin da zai yi ba, ban ma san abin da ni zan yi ba.

Ran Laraba tun hantsi Mansur ta kwaso ta zo kotu. Maza sun cika zauren har bakin ƙofa, mata suna tsakar gida a inuwar bango, Hure a gabansu da mayafinta baƙi. Masu gadi sai "yalla, wara, wara" suke yi, suna tura mutane baya, babu mai motsi. Ana ta raɗa ana murmushi, kai ka ce ɗaurin aure aka zo. Aka shigo da Lurwanu, ya rame, aka tsayar da shi gefe. Salim yana zaune da kai a naɗe, hannu a rataye, kuma na tausaya masa, don wanda ya yi masa wannan aika-aika ba imani gare shi ba.

Alƙali ya ce a kira shaidar mai ƙara. Aka kira Isuhu sau uku, shiru. Mutumin ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, jin sunan kotu kawai ya sa ya ɓuya bayan buhunan gawayi, sai da aka aika askari ya nemo shi. Alƙali ba mai son ɓata lokaci ba ne, ya ce kafin a kawo shi a shigo da na wanda ake ƙara.

Mailafiya ya shigo yana ɗingishi, da farar riga wankakkiya da hular da yake sawa ran Idi. Bai dubi inda Lurwanu yake ba. Alƙali ya ɗaga mini kai. Na zaro takarda.

Na karanta ta farko, ya ce ya ji. Ta biyu, ya ji. Ta uku, ya ji. Na ga alƙali ya lanƙwasa yatsa na uku. Ta taga ina hango idon Hure a kaina. A nan shaiɗan ya zo mini da Hausa mai daɗi, ya ce kalma uku ce kawai, Mukhtaru, akwai zumunta tsakaninku, shi ke nan kowa ya tafi gida. Na buɗe baki da niyyar bin shawararsa. Sai tsohon ya ɗago ya dube ni, irin duban da yake wa yaro in yana motsi a ƙarƙashin aska. Na karanta abin da ke rubuce.

"Kai ka haife shi?"

Wani a baya ya yi gyaran murya da ƙarfi. Wani ya ce a hankali, "Baffa, baffa." Mailafiya ya sunkuyar da kai yana duban ƙafarsa mai kumburi, har alƙali ya tambaye ni ko bai ji ba ne.

"Ni na haife shi," in ji Mailafiya. "Ɗana ne. Ɗan farina."

Zauren ya ɗauki salati gaba ɗaya. Daga tsakar gida na ji Hure ta ce wayyo Allah. Ni kuwa na juya maganar zuwa Larabci, muryata kamar ba tawa ba. Alƙali ya duba takardar askari, ya dubi tsohon, fuskarsa ta ɗaure.

"A nan an rubuta baffa. Ƙarya ka yi wa askari?"

Mailafiya ya ce, "Gaya masa askari bai ambaci Allah ba. Tambayar hanya ya yi mini, na ba shi amsar hanya."

Na fassara, sannan na nemi izini na yi wa alƙali bayanin al'adar, cewa a wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya nuna shi a bainar jama'a, wani ɗan'uwa ake ba ya rena. Alƙali ya ajiye alƙalami.

"Ƙin sa yake yi?"

"A'a, Allah gafarta malam. Son ne ya yi yawa, shi ake ɓoyewa."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da shida."

Ya kalli tsohon kamar bai taɓa ganin mutum ba. Sannan ya ce doka ce mai magana ya ambaci wanda yake magana a kansa da sunansa, don magatakarda ya rubuta. Na so in ce a yafe masa wannan, amma alƙali ya riga ya ɗaga hannu. Na gaya wa Mailafiya. Leɓensa ya motsa sau biyu babu sauti.

"Lurwanu," ya ce. Da ya ga sunan ya fita bai mutu ba, sai ya ƙara da ƙarfi, "Lurwanu sunansa. Ranar Talata yana tare da ni a Zahir tun azahar har magariba. Ko a karɓa ko kada a karɓa, haka aka yi."

Na waiwaya wajen Lurwanu. Mutumin da aka rushe masa shaidarsa guda ɗaya tilo, ga ɗauri yana kallonsa, sai ga shi yana murmushi har haƙoransa a waje, hawaye na bin gemunsa. Askarin da ke riƙe da shi ya ɗauka ya zautu ne.

Alƙali ya ce a rubuta maganar duka, amma ba zai yi hukunci da ita ba, don shaidar uba ce. Ya faɗi haka a hankali, ba da faɗa ba. Mutanen Mansur suka fara guna-guni, wani ya ce tsufa ne ya taɓa Mailafiya, wani ya ce laifin tafinta ne. Na ji da kunnena, na kuma gane muryar, har yau ban manta ba.

Ashe duk wannan abin Isuhu yana bakin ƙofa, askari riƙe da hannun rigarsa, ya ji komai. Aka turo shi gaba. Alƙali ya ɗaga mini kai. Wannan karon haushi ne ya cika ni, na karanta masa takardar nan ɗaya bayan ɗaya kamar ina kafa ƙusa. Da na zo wajen "in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, babu mai dukanka", sai ya tare ni.

"Malam, da gaske na? Ba a bugu?"

"Ba a bugu."

"Ba a kora ta gida?"

Na tambayi alƙali. Ya ce shi shari'ar kan Salim ke gabansa, ba ta takardun kowa ba. Na gaya masa. Isuhu ya sauke numfashi. Alƙali ya ce ya faɗi abin da idonsa ya gani.

"Ina zuba shayi, sai na ji ƙara. Na ɗaga kai, na ga mutum dogo, baƙi, ya tahi da gudu bayan motoci."

"Fuskarsa ka gani ko ƙeyarsa?"

"Ƙeya tai."

"To ya aka yi ka ce Lurwanu ne?"

"Ni ban hwaɗi ba. Askari ya ce mini, Lurwanu na ko? Mutum da kaki da bindiga ya ce maka ko, mi za ka ce? Na ce to." Ya juya ya nuna Mailafiya da haɓa. "Tsohon ga ya hwaɗi abin da ya fi wannan wuya. Ni ban san ko wane na ba, wallahi ban sani ba."

Zauren ya motsa kamar an taɓa gidan rina. Alƙali ya buga tebur. Ya juya ga Salim ya tambaye shi da Larabci ko shi ya ga fuskar wanda ya buge shi. Salim ya ce ta baya aka zo masa, amma wa zai yi masa haka in ba wanda suka yi faɗa da safe ba? Alƙali ya ce wannan zato ne, ya tambaye shi ko yana da wani mai shaida. Ya ce babu. Dogo baƙi a tashar Kudai kuwa, in za a kama su duka, sai an ƙara gina kurkuku, har da ni a ciki.

Alƙali ya ce hujjar mai ƙara ba ta tsaya ba, saura rantsuwa a kan wanda ya musa. Lurwanu ya rantse da Larabcinsa mai kyau, murya a sake. Alƙali ya umarci askari su koma su nemo mai laifin na gaskiya, don jinin Salim ba zai tafi a banza ba. Sannan ya ce a saki wannan.

Ban gama fassarawa ba tsakar gida ta kece da guɗa. A kotu fa, a cikin Makka! Masu gadi suka ruga suna "haram, haram, uskutu", Hure ta ƙara wata a kan ta farko. Maza suka yi kan Lurwanu, wannan ya rungume, wannan ya ja hannu. Masu cewa laifin tafinta ne ɗazu su ne suka fara zuwa suna dukan kafaɗata, wai dama sun san takardar nan alheri ce. Na ce musu Allah ya shirye ku, amma ni ma dariya nake yi, na kasa rufe baki. Salim ya zo wucewa, Lurwanu ya tare shi ya sumbaci kansa a kan bandejin, ya ce masa Allah ya ba shi lafiya.

Mailafiya kuwa, kafin a ankara ya sulale. Na hango shi can ya kai bakin titi yana ɗingishi da sauri, shi kaɗai, hula a hannu, kamar wanda aka kama yana sata.

Na ɗauka Lurwanu zai bi shi. Sai na ji an riƙo hannuna, ashe shi ne, yana ja na mu koma ciki.

"Ya ammi Mukhtar, ta'al. Ina son waraƙa daga katib."

Takarda yake nufi, daga wajen magatakarda. Na ce masa takardar sakinsa sai gobe, alƙali bai sa hatimi ba tukuna, ya je ya huta.

"La, la, ba ta saki ba. Waccan. Inda ya rubuta kalam na tsoho."

Na ce, "Wannan ai shaida ce da aka ƙi karɓa, ba ta da amfani a ko'ina. Me za ka yi da ita?"

Ya dube ni kamar ni ne ban san shari'a ba. Ya ce, "Ka san shi. Ba zai sake faɗa ba har ya mutu."

Muka koma. Magatakarda yana tattara littattafai zai tafi sallah, ya ce ba a ba da kwafin irin wannan. Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, na tuna masa ranar da na rufa masa asiri da ya zubar da tawada a kan rajista. Ya yi tsaki ya zauna, ya ɗauko farar takarda ya kwafe layi uku. Lurwanu ya karɓa da hannu biyu, ya karanta a tsaye, ya sa yatsa a kan sunansa ya sake karantawa. A waje ana ta kiransa, ana cewa ragon yana jira. Ya ce mini in ce musu yana zuwa, ya samu benci ya zauna, ya fara daga layin farko.